Za mu je Istanbul ni da uwargida, me zan gyara a waya kafin mu tashi?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni da uwargida za mu je Istanbul na kwana biyar in sha Allah, yawon buɗe ido ne kawai, shekararmu goma da aure ba mu taɓa fita ƙasar waje tare ba. Wayata Samsung ce tata kuma Tecno. In kunna romin, wato amfani da layin gida a ƙasar waje, a layina ne ko in sayi layin can? Kuma wai in na sa wani layi WhatsApp ɗina zai goge? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Masha Allah, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Bari in fara da WhatsApp ɗin tunda shi ne mai sauƙi, ba abin da zai goge. Ko ka sa layin Turkiyya zai ci gaba da aiki da lambarka ta gida, kawai kar ka shiga wurin canza lamba, in ya tambaye ka ka bar tsohuwar.

Batun layi kuma, kar ka bar layinka na gida a gida, shi ne banki zai turo wa OTP in za ka biya wani abu da kati. Tun kana nan ka tuntuɓi kamfanin layin ka tabbatar romin a buɗe yake, amma ka shiga saitin ka kashe datar romin ɗin, domin nan ne kuɗi ke zurarewa, waya tana aljihu tana sabunta manhajoji kai ba ka sani ba sai dai ka duba ka ga kati ya ƙare. Layin gida aikinsa karɓar saƙo kawai.

Data kuma hanya biyu ce. Ta farko eSIM, wato layin da ba a sa shi da hannu, lamba ake turo maka ka ɗauka da kyamara ya shiga wayar. Don ka san ko wayarka na ɗauka, ka danna *#06#, in ka ga wata doguwar lamba da aka rubuta EID a kanta toh tana ɗauka. iPhone daga XR da XS na 2018 zuwa sama yawancinsu suna yi, manyan Samsung ma da yawa suna yi, amma akasarin Tecno da Infinix da itel da muke riƙewa ba sa yi. In za ka sayi eSIM ɗin ka saya ka sa shi tun kana gida, domin wasu daga cikin shafukan da ke sayar da shi an toshe su a cikin Turkiyya, in ka bari sai ka sauka za ka sha wahala. Hanya ta biyu ka sayi layin can, Turkcell ko Vodafone ko Türk Telekom, da fasfo ake saye, kuma na filin jirgi ya fi na cikin gari tsada. Za ka ji ana cewa Turkiyya na rufe wayoyin baƙi, eh gaskiya ne amma sai waya ta yi kwana 120 da layin can ba a yi mata rajista ba, ku da za ku yi kwana biyar bai shafe ku ba.

Yanzu ga inda nake so ka saurare ni da kyau. Na san abin da yawancin mazanmu ke yi, maigida ya sayi data a wayarsa ya kunna wa uwargida hotsfot, a ce ai tare muke. Don Allah kar ka yi haka. Hotsfot ba ya wuce ƴan taku, kuma Istanbul gari ne mai mutum sama da miliyan 15, babbar kasuwar nan mai rufi da suke kira Kapalıçarşı lunguna ce sama da 60 masu kama da juna, ka tsaya taya jaka ita ta leƙa shagon gyale, shikenan kun rabu, a daidai lokacin da ta fi buƙatar waya a lokacin ne wayarta ba ta da intanet. Haka jirgin kan titi na T1 da ke bi ta Sultanahmet, in ya cika ana iya rufe ƙofa ɗaya na ciki ɗaya na waje. Masallatai ma wurin mata daban yake, kuma ba lallai ku fito lokaci ɗaya ba. Ni ya taɓa faruwa da ni a wata tafiya, minti ashirin kacal muka rabu da iyalina amma wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Tunda tata Tecno ce ka saya mata layin can nata na kanta ko da ƙaramar data ce, kai ka yi eSIM in taka na ɗauka. Duk safiya kafin ku fita kowa ya tura wa ɗan uwansa wurin da yake kai tsaye a WhatsApp, ku zaɓi na awa 8. Sannan ta riƙe katin otal ɗin mai adireshi a jakarta da ɗan kuɗin lira, lambar gaggawa ta ƙasar kuma 112 ce.

Tambaya: Salam Malam. Mu ma Istanbul za mu je da maigida, shi ya ce mu kama otal na kwana biyu kawai in mun je ma nemi wani ta waya. Ni kuma hankalina bai kwanta ba. Sannan wace caja zan tafi da ita, an ce soket ɗinsu daban ne? Daga wata ƴar uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, kina da gaskiya da hankalinki bai kwanta ba. In Booking.com maigida yake nufin amfani da shi, ki gaya masa tun 2017 wata kotu a can ta hana shi aiki a cikin ƙasar, daga waje za ka iya kama otal ɗin Turkiyya amma in kana ciki ba zai bar ka ka kama ba. PayPal ma ya daina aiki a can tun 2016. Ku kama kwanakin duka tun daga gida, ku zaɓi wanda ake iya fasawa ba tare da an cire kuɗi ba, in ya so in wurin bai yi muku ba ku sauya. Takardar otal da tikiti da biza da shafin farko na fasfo duk ku ɗauki hotonsu su zauna a wayoyin ku biyun, ku kuma buga a takarda, waya na iya mutuwa a gaban jami'in shige da fice. Ku duba tikitin da kyau kuma, filayen jirgi biyu ne a garin, babban da aka buɗe a 2018 yana ɓangaren Turai, Sabiha Gökçen kuma yana ɓangaren Asiya, tsakaninsu da nisa sosai.

Katin banki kuma ku je banki da ƙafarku ku tambayi nawa yake bari a kashe a waje, ku riƙe tsabar kuɗi ko yaya. In na'urar biya ta tambaya da lira ko da dala, ku zaɓi lira, in kun zaɓi ɗayan su ne za su yi muku canjin da farashinsu.

Soket ɗinsu mai huji biyu ne zagaye, namu kuma mai baki uku, wutar dai kusan ɗaya ce 230 don haka adafta kawai kike buƙata. Ki sayi guda biyu a kasuwa tun a nan, ki haɗa da ƙaramin ekstenshan na gida. Fawa bank kuma a jakar hannu ake shiga jirgi da shi, ba a sa shi a babban akwati, kuma kar ƙarfin batirinsa ya wuce 100Wh, mai 20,000mAh yana kusan 74Wh ne ka ga ba matsala.

Tambaya: Malam ba ma jin Turkanci, Turancin ma kaɗan-kaɗan ne. Wace manhaja ce za ta taimaka mana, kuma ya za mu yi da hotuna don wayata kullum a cike take?

Amsa: Google Translate, ka sauke Turkanci da Turanci a ciki tun a gida don ya yi aiki ko ba data. Abin da na fi so a cikinsa kyamarar, ka ɗora ta a kan takardar abinci ko allon tasha ta fassara maka nan take. Akwai Hausa a ciki amma a gwajin da nake yi fassarar Turanci ta fi fita daidai, ka riƙa rubuta gajerun jimloli. Sai Google Maps, ka shiga Offline maps ka sauke Istanbul, ka sa alama a otal ɗinku da Aya Sofya da masallacin Sultan Ahmet da fadar Topkapı. Amma ka sani in ba data taswirar za ta nuna maka inda kake ne da hanyar mota, ba za ta gaya maka jirgin ƙasa ko na ruwan da za ka hau ba. Ka riƙa duba ranakun hutu a ciki ma, Topkapı a rufe take ran Talata, babbar kasuwar kuma ran Lahadi, mai kwana biyar bai kamata ya yi asarar wuni guda a bakin ƙofa ba. Ku sayi Istanbulkart, da shi ake hawa bas da jirgin ƙasa da jirgin ruwan da ke tsallaka Bosforus, mashigin ruwan da ya raba garin biyu. Tasi kuma ka kira ta manhajar BiTaksi ko Uber don ka ga kimar kuɗin kafin ka shiga.

Agogonsu yana gaban namu da awa 2, ka bar wayar ta saita kanta, manhajar lokutan sallah kuma ka sa mata lissafin Diyanet, wato hukumar harkokin addini ta Turkiyya, don ta dace da kiran sallar can.

Hotuna, kafin ku tafi ka kwashe na ciki zuwa kwamfuta ko filashi, bidiyoyin guruf-guruf na WhatsApp su ne ke cinye rabin wurin. Google na ba da 15GB kyauta, iCloud kuma 5GB, ka saita hotunan su riƙa hawa da daddare a kan wayfay ɗin otal kaɗai don kar su cinye datar yawo. Ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar waya, ta wayoyin biyu a takarda, ka kunna manhajar nemo waya in ta ɓata, kuma kowannenku ya san yadda zai shiga asusun ɗayan daga tasa wayar, ku gwada sau ɗaya a falo kafin ranar tafiya.