Tambaya da Amsa: Zuwa tsinkar tuffa a gona, da batun tsofaffin iri

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Albany ta jihar New York, bara muka zo da maigida da yara. Maƙwabciyata Ba'amurkiya ta dame ni wai mu je gonar tuffa a watan Oktoba mu tsinko da hannunmu. Ni abin ya ɗaure mini kai, in biya kuɗi kuma in yi wa mai gona aiki? Ta kuma kawo mini wasu tuffa masu kaushin bawo, launinsu ƙasa-ƙasa, wai tsohon iri ne tun na kakanni, ni kuwa kallon lalatattu nake musu. Shin zuwan yana da amfani? Kuma in na dace da mai daɗi, zan iya tara ƙwayoyin cikinta in aika gida Jos a shuka mini?

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki shirya ki je, ki kwashi yaran. Sai dai ki cire lissafin araha daga ranki tun daga gida. In kin haɗa kuɗin mai, da kuɗin shiga da wasu gonakin ke karɓa, da abin da yara za su sa ki saya a bakin ƙofa, da wuya ki ga kin ci riba a kan kanti. Abin da za ki iya samowa can, in kin dace da gona, shi ne tuffar da kanti ba ya sayarwa ko nawa kika riƙe, kuma waɗannan masu kaushin bawon da kike harara suna cikinsu.

Ba lalacewa suka yi ba, haka Allah ya halicci fatarsu. A yankinku, akasari ko dai Roxbury Russet ce ko Golden Russet. Ta farkon ta fito ne daga Roxbury a Massachusetts tun cikin shekarun 1600, kuma ana ɗaukarta a matsayin irin tuffa mafi daɗewa da ya samo asali a Amurka. Ki yanka ɗaya ki ɗanɗana. Namanta a cure yake, ba ta cika ruwa ba, zaƙinta da tsaminta duk suna da ƙarfi, ga wani ɗanɗano mai kama da na gyaɗa-gyaɗa da ba za ki taɓa ji a tuffar kanti irin Gala ba. Wannan kaushin fata da ke ba ki ƙyama shi ne ya kore ta daga kanti, don mai saye da ido yake fara ci.

Babu wata doka da ta yanke shekarar da iri ke zama "tsoho". Masu gonaki dai suna nufin wanda aka san shi tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, da yawansu ma sun haura shekara 200. Kuma kin yi sa'ar wurin zama, domin New York na cikin jihohi uku da suka fi noman tuffa a Amurka, tare da Washington da Michigan, kuma wasu fitattun tsofaffin irin 'yan gida ne a wurinku. Esopus Spitzenburg ta samo sunanta daga garin Esopus, a bakin kogin Hudson kudu da ku. Shugaban Amurka na uku, Thomas Jefferson, ya dasa ta a gonarsa ta Monticello. Newtown Pippin ta fito daga wurin da yau ake kira Elmhurst a unguwar Queens, inda yanzu sai benaye. Northern Spy daga East Bloomfield take, wajen shekarar 1800. In da zan zaɓar miki ɗaya, Spitzenburg zan ce. Ba ta da kyan noma, cuta na kama bishiyarta da sauƙi, amma a baki ba ta da sa'a a cikinsu.

To, in suna da daɗi haka, me ya ɓatar da su? Kusan kowacce tana da halin da ɗan kasuwa ba zai jure ba. Baldwin, wadda aka gano a Massachusetts wajen 1740, ita ce sarauniyar kasuwa a New York da New England na tsawon lokaci, amma bana ta yi 'ya'ya kamar ta karye, baɗi ta huta. Sai matsanancin sanyin hunturun 1933 zuwa 1934 ya kashe bishiyoyinta masu ɗimbin yawa, manoma suka ce a kai kasuwa, suka koma dasa McIntosh mai jure sanyi. Northern Spy kan sa manomi jiran shekara goma ko fiye kafin ta fara haihuwa in a kan tsohon salon dashe ne, ga fatarta ba ta son gwaruwa a mota. Da sufurin nesa da manyan kantuna suka zo, sai aka koma neman tuffa mai girma ɗaya, launi ɗaya, wadda za ta yi watanni a ɗakin sanyi da aka rage masa iskar oksijin ba ta canja kama ba. Labarin Red Delicious ya ishe ki misali. Wadda Jesse Hiatt ya samu a gonarsa a Iowa cikin shekarun 1870 mai ratsin ja da rawaya ce, kuma mai daɗi. Bayan kamfanin Stark ya saye ta, manoma suka yi ta zaɓen reshen da ya fi ja, ja na ƙaruwa, daɗi na raguwa, har aka wayi gari da wadda kika sani, mai sheƙi da kaurin bawo. Sai a 2018 Gala ta ƙwace mata matsayin farko a Amurka.

Amma kada wani ya ruɗe ki cewa duk tsoho ya fi sabo. Honeycrisp, wadda Jami'ar Minnesota ta fitar a 1991, tuffa ce ta gaske, kuma ina kyautata zaton ita yaranki za su fi so. Akwai kuma tsofaffin da ba don ci ɗanye aka shuka su ba: wasu na dahuwa ne, wasu na matsa, in kin gatsa sai bakinki ya ɗaure. Ki tambayi mai gona amfanin kowacce kafin ki cika jaka.

Kafin ku tashi, ki buga waya ko ki duba shafin gonar. Yawancin gonakin "tsinki da kanka" McIntosh da Gala da Empire da Honeycrisp suke da su, wato abin da ke kanti. Masu tsofaffin iri kaɗan ne, kuma sau da yawa ba sa barin baƙi su taɓa waɗannan bishiyoyin, sai dai ki saya a rumfarsu. Kowane iri kuma da lokacinsa: McIntosh da Honeycrisp a Satumba suke nuna, Spy da Baldwin da Newtown Pippin sai cikin Oktoba. Don haka maƙwabciyarki ta zaɓi watan da ya dace. In da hali ku je tsakiyar mako, ranakun Asabar da Lahadi cinkoso ne.

Za a ba ki jaka gwargwadon awon da kika biya. Wanda suke kira peck yana ɗaukar kusan kilo 5, rabin bushel kusan kilo 9 zuwa 10. Kilo 10 na tuffa ba wasa ba ne a gida ɗaya, kada zumuɗi ya ɗebe ki. Tsani kuwa da wuya ki buƙace shi, saboda bishiyoyin zamani gajeru ne, ana aura su a kan gindi mai hana tsawo, irin su M9 da aka tantance a cibiyar bincike ta East Malling a Ingila.

Wajen tsinka ne nake son ki sa wa yara ido. Ba a fizga, ba a girgiza reshe. Ki tallafi tuffar a tafin hannu, ki ɗaga gindinta sama kina ɗan murɗawa. In ta nuna, za ta rabu da reshe da ɗan tsinkenta a jiki. In ta ƙi, ki ƙyale ta. Idan kika duba inda take maƙale za ki ga wani ɗan guntun itace mai gaɓa-gaɓa, bai kai tsawon yatsa ba. A nan furen baɗi zai fito, kuma duk wanda ya fizge tuffa da shi, da ganye a jiki, ya cinye wa manomi amfanin shekara mai zuwa. Ja ba shi ne alamar nuna ba. Ki duba gefen da rana ba ta taɓa ba, in kore ya fara komawa rawaya-rawaya ta kusa. Ki yanka ɗaya, in ƙwayoyin cikin sun yi duhu, ta yi. A sa su a jaka a hankali, domin wadda ta gwaru ita ke fara ruɓa ta ja sauran.

Ta ƙasa kuwa a bar wa ƙasa. Barewa da sauran dabbobi na yawo a gonakin, kashinsu na ɗauke da ƙwayoyin cuta, ga rina da ke taruwa a kan waɗanda suka fashe. Ɗigo-ɗigon baƙi ko dusu-dusun da za ki gani a fatar wasu, musamman a gonar da ba ta cika feshi ba, a saman bawo ya tsaya, wanki da ɗan gogawa ke fitar da shi. Ku sa dogon wando da safa, kuma in kun dawo ki duba jikin yara, saboda yankin Hudson na da kaskar da ke yaɗa cutar Lyme.

Akwai abu ɗaya da ya shafe mu musamman. A rumfar gona za ki ga jarkokin ruwan tuffa mai duhu an rubuta cider. A Amurka wannan matsattsen ruwan tuffa ne kawai, babu maye a ciki. Wanda aka rubuta wa hard cider shi ne giya, kuma gonaki da yawa yanzu suna sayar da su biyun kusa da juna. In kin je Ingila kuwa, cider kai-tsaye giya ce. Ki karanta jikin jarka, ki kuma zaɓi wanda aka kashe wa ƙwayoyin cuta, musamman don yara ƙanana da mai ciki. Wanda ba a yi wa hakan ba, in ya daɗe ko a firji ne, zai fara kumfa da tsami, wato ya kama hanyar zama abin da kike gudu.

Da kun iso gida, firji. A ɗaki mai ɗumi tuffa kan yi laushi cikin kwanaki, a sanyin digiri 0 zuwa 4 na ma'aunin Celsius kuwa ta yi makonni, cikin leda mai 'yan huji. Ki raba ta da karas da ganyayyaki, tana fitar da wata iska da ke sa karas ɗaci, ganye ya yi rawaya. McIntosh a fara cinye ta, ba ta ajiyuwa. Newtown Pippin akasin haka take: ranar da aka tsinke ta ga tauri ga tsami, har ki ce an cuce ki, amma ki bar ta wata ɗaya ko biyu a sanyi ki ji yadda za ta sauya. Mutanen da sun shuka irin waɗannan ne don su kai su ƙarshen hunturu.

Saura batun Jos. A nan sai na ba ki haƙuri. Ƙwayar tuffa ba ta haifar da irin uwarta. Furen yana karɓar barbara daga wata bishiyar daban ta hanyar ƙudan zuma, don haka kowace ƙwaya sabon iri ce, kuma mafi yawansu ƙanana ne masu tsami. Kin san mangwaro mai aure: in kin shuka ƙwallonsa ba lallai ki sami irinsa ba, sai an yanko reshe an aura. To tuffa ta fi shi tsanani. Duk wata Spitzenburg da ke duniya yau reshe ce daga reshe, har zuwa bishiya guda ta asali. Shi ya sa in bishiyar ƙarshe ta wani iri ta mutu ba a yanki reshenta ba, irin ya tafi ke nan, kuma shi ya sa ake da wuraren adana su da ransu, kamar na gwamnatin Amurka a Geneva, nan jiharku, da na Brogdale a Kent ta Ingila mai iri sama da 2,000.

Ko da reshen kika samu, akwai cikas biyu. Ba a tsallaka iyaka da reshe sai da takardar hukumar kula da lafiyar tsirrai, don gudun shigo da cuta. Na biyu, waɗannan irin na New York suna buƙatar dogon barcin hunturu, awanni wajen 1,000 na sanyin da ke ƙasa da digiri 7, kafin su yi fure yadda ya kamata, kuma duk sanyin Jos bai kai nan ba. Tuffar da ke yi a tsaunukan ƙasashe masu zafi irin su Anna ce, wadda aka samar a Isra'ila, da Dorsett Golden daga Bahamas, masu wadatuwa da sanyi kaɗan, kuma ana dasa su tare don su yi wa juna barbara. A Batu ta Indonesiya har zage wa bishiya ganye suke yi da hannu bayan girbi don su tilasta mata sabon fure. In da gaske kike son tuffa a gidanku na Jos, ki sa a nemo miki dashen da aka riga aka aura a wajen masu renon itatuwa na can Filato, a tambayi sunan irin, a kuma ɗauki biyu mabambanta.