Malam, ka gaya wa likita zancen tumakin

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce tumakinka huɗu sun yi ɓari cikin mako guda, yaron da ya kwashe 'ya'yan kuma yana kwance da zazzaɓi, an gwada maleriya babu. Allah ya ba shi lafiya. Ni ba likita ba ne, mahauci ne a Sennar ta ƙasar Sudan, amma na ga irin wannan a 2007, lokacin zazzaɓin Rift Valley.

Shekarar an yi damina mai ƙarfi, ruwa ya kwanta ko'ina, sauro ya yi yawa. Dabbobi suka fara ɓari, ƙananan 'yan raguna na mutuwa, muna cewa annobar dabbobi ce kawai. Wajen watan Oktoba sai ta shigo mutane a jihohin White Nile da Sennar da Jazira. Shi ne zazzaɓin Rift Valley, wanda da Larabci ake ce wa hummal wadil mutasaddi'. Sama da mutum 200 suka rasu.

Sauro na kawo shi, amma mu masu dabba ta hannu ya fi kama mu: jinin yanka, ruwan haihuwa, mabiyiya, ɗanyen nono. Wani abokin sana'ata ya sayi tunkiya marar lafiya da araha ya feɗe, akwai ɗan yanka a yatsarsa. Kwana uku sai zazzaɓi da ciwon kai da na gaɓoɓi. Muka yi ta ba shi maganin maleriya. Sai idonsa ya koma rawaya, dasashinsa na tsattsafo jini. Ya tashi da ƙyar, har yau ido ɗaya dishi-dishi yake gani. Yawanci kan warke cikin mako. Kaɗan ne ke kai ga zubar jini, amma cikinsu kusan rabi ba sa tashi.

Don haka ka kai yaron asibiti yau, kada ka jira haɓo. Kuma ka buɗe baki ka faɗi zancen ɓarin tumakin, don likita ba zai sani ba, zai ɗauka taifod ce ya sallame ku. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen ko allurar diclofenac da masu kemis ke saurin yi, suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya isa kafin ku isa.

Tumakin kuma a kira likitan dabbobi, kada a yanka, kada a kai kasuwa. Na san asara ce. Abin da suka zubar a binne da zurfi, da safar hannu, ko leda biyu in babu. A tafasa nono, kowa ya kwana cikin gidan sauro. Marara kuwa, abincinmu na ɗanyen kayan ciki, duk da ni ma ina sonta da barkono da lemun tsami, akwai ɗanyar hanta a ciki, kuma hanta ce ƙwayar cutar ta fi cinyewa. A haƙura da ita tukuna.

Ka sanar da mu abin da asibiti suka ce.