Amfilifayar jitata tana ƙugi da huci, ta ina zan fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi tsohuwar amfilifayar jita mai bawul ɗin gilashi, ƙirar Amurka, mai manyan bawul 6V6 guda biyu. Sautinta ya yi min, amma da na kunna ta sai ƙugi, in na ƙara murya kuma sai huci. An ce in canza bawul ɗin gaba ɗaya. Shin hakan zai magance matsalar?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sayi ko bawul ɗaya tukuna. Ƙugi daban, huci daban, kuma kunnenka zai iya nuna maka inda kowanne yake fitowa kafin ka kashe ko sisi.

Fara da zare wayar jita daga jikin amfilifayar. Irin waɗannan injuna, jak ɗinsu, wato ramin da ake soka wayar jita, yana haɗe mashigar sauti da ƙasa da zarar an zare waya. In ta yi tsit, lafiyarta ƙalau, laifin yana waje: ko wayar ta lalace, ko fikof ɗin jitarka, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, mai naɗi ɗaya ne irin na jitar Stratocaster, wanda ɗabi'arsa ce kwasar ƙugin wuta daga fanka, cajar waya da fitilu. Juya jikinka da jitar a rataye, za ka ji ƙugin yana raguwa yana ƙaruwa. Tun da kuma ƙirar Amurka ce mai volt 120, na tabbata da taransifomar rage wuta kake kunna ta. Nisanta taransifomar daga injin, kada ka ɗora ta a kansa. Ka duba soket ɗinka ma, domin gidajenmu da yawa babu wayar ƙasa, janareta kuwa ba a magana.

In ƙugin bai tafi ba, saurari kaurinsa. Wutarmu a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Ƙugi mai kauri sosai, wanda ya fi tsirkiyar jita ta shida, wato mafi kauri, zurfi, na 50 ne. Yawanci daga wayoyin da ke ɗumama bawul da volt 6.3 yake, ko wani bawul ya fara yoyo tsakanin zaren ɗumamarsa da katod, wato sashen da zaren ke ɗumamawa, ko resistoci biyun nan masu om 100 da ke daidaita layin ɗumamar sun ƙone. Wanda kuwa ya ɗan fi sirantaka, kusan daidai da tsirkiya ta shida a gaɓa ta uku, na 100 ne, kuma nan na fi zargi a injinka. Manyan kafasitocin tace wuta suna bushewa da shekaru, zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta musu. Da sun gaji, sabon bawul ba zai yi maka komai ba.

Sai ka rage murya zuwa sifili. Ƙugin da ya mutu da rage murya, kafin maɓallin muryar aka haife shi, wato wajen bawul na farko, 12AX7. Kashe injin, bari ya huce, ka musanya wannan bawul da wani 12AX7 da ke cikin injin, ka sake saurara. Ƙugin da bai damu da maɓallin murya ba, kashe injin ka zare ƙaramin bawul na ƙarshe, wanda ke raba sauti ga 6V6 ɗin biyu, ka sake kunnawa. In har yana nan, to ko kafasitoci ne, ko 6V6 ɗin ba sa jan wuta daidai da juna. An tsara su ne ƙugin ɗaya ya kashe na ɗayan, shi ya sa ake sayen su biyu-biyu waɗanda aka auna.

Huci kuwa, kaɗan daga cikinsa dole ne, duk amfilifaya mai bawul tana yi. Wanda ya wuce kima, musamman mai haɗe da ƙaras-ƙaras kamar ana soya ƙwai, ko dai bawul na farkon ne, ko tsofaffin resistocin kabon masu om dubu ɗari da ke haɗe da farantin bawul ɗin, waɗanda ke shan laima su riƙa surutu. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Wani lokacin ma datti ne kawai a ƙafafun bawul. Zare shi ka mayar sau biyu ko uku ka ji.

A nan aikinka ya tsaya, kuma ina roƙonka ka ɗauki wannan da gaske. Cikin injin akwai volt ɗaruruwa, da kan kai 400 ko fiye, kafasitocin kuma suna riƙe wutar ko bayan ka zare filogi. Tana kisa. Canjin kafasita da resista aikin mai gyara ne da ya san yadda ake sauke cajin ya auna da mita kafin ya sa hannu. In ka je, faɗa masa ƙugin na 50 ne ko na 100, da abin da ya faru da ka rage murya. In kuma wayar wutar injin mai baki biyu ce, ka sa ya mayar da ita mai baki uku, ya cire tsohon kafasitan da ke haɗa layin wuta da jikin ƙarfen, domin in ya lalace wutar za ta bi tsirkiya ta shiga hannunka.