Tambaya da Amsa: Binciken bala'i da lafiyar mazan jiya, ya shafe mu a Zariya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Dakta. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Ina laluben batun da zan yi bincike a kai, sai na ci karo da jerin rubuce-rubucen wani masanin lafiya ɗan Amurka, takardu birjik, kusan duka a kan shirin tunkarar bala'i da kula da tsoffin sojoji. Abin ya taɓa ni, domin mahaifina tsohon soja ne, ya je Laberiya, yanzu yana fama da suga da hawan jini. Shin yawan takardun nan ne ke nuna ingancin aikin mutum? Kuma batun ya dace da mu, ko na masu guguwar teku ne kawai? Daga wata ɗaliba, Samaru.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka masa da alheri kan hidimar da ya yi wa ƙasa.

Yawan takardu shi kaɗai ba hujja ba ne. Akwai ma'aunin da ake kira "h", wanda Jorge Hirsch ya kawo a 2005: idan an ce na mutum 20 ne, yana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Ma'aunin yana nuna ana karanta mutum, amma ba ya gaya miki ko rubutunsa ya canza wani abu a ɗakin majinyata. Ki zaɓi takardu uku daga cikin nasa ki karanta su har ƙarshe. Ki duba wace tambaya ya yi, daga ina ya samo bayanansa, kuma asibiti zai iya aiki da abin da ya gano ko kuwa.

Akwai kuma dalilin da ya sa masu wannan fanni a Amurka suke da rubutu da yawa. Ma'aikatar kula da tsoffin sojoji ta ƙasar, wadda ake kira VA, tana da asibitocinta na kanta, manya kusan 170, ga ƙananan cibiyoyi fiye da dubu, kuma mutanen da suka yi rajista da ita sun haura miliyan 9. Bayanan lafiyarsu suna cikin kwamfuta. A 2010 ma'aikatar ta kafa cibiya a Kalifoniya don nazarin yadda bala'i ke shafar waɗannan mutane. Mai bincike a can yana iya zama a ofis ya ga wa ya zo asibiti kafin guguwa, wa ya daina zuwa bayanta, wa ya rasu. Wanda yake da rijiya a tsakar gida ba abin mamaki ba ne in randunansa sun cika. Don haka kada yawan ya karya miki gwiwa.

Abin da ya kamata ki ɗauka daga wurinsu shi ne abin da suka gano. A watan Agusta 2005 guguwar Katrina ta cika birnin New Orleans da ruwa, asibitin tsoffin sojojin birnin ya rufe, sai a 2016 aka buɗe sabonsa. Majinyatan sun watsu cikin jihohi daban-daban, amma da yake bayanansu suna cikin na'ura, likitan da suka tarar a wani gari yana iya ganin magungunan da suke sha ya ci gaba da ba su. Dubban mutanen da bayanansu ke kan takarda kuwa, ruwa ya tafi da takardun. A Oktoba 2012 guguwar Sandy ta tunkari New York, aka kwashe majinyatan asibitin tsoffin sojoji na Manhattan tun kafin ta iso, asibitin ya yi watanni a rufe, masu wankin ƙoda suka koma neman inda za a karɓe su. Sai guguwar Maria a tsibirin Puerto Rico a Satumba 2017. Hukuma ta daɗe tana cewa mutum 64 suka mutu. Da masana na Jami'ar George Washington suka kwatanta mace-macen watannin da suka biyo baya da na shekarun da suka gabata, sai suka ƙiyasta 2,975. Tazarar nan ba ta waɗanda iska ta kashe nan take ba ce. Akasari tsofaffi ne da masu ciwon da ba ya jin hutu, waɗanda wuta ta ɗauke musu, hanya ta yanke, magani ya ƙare.

Wannan shi ne zuciyar fannin, kuma ba ya buƙatar teku. Mai suga da ya rasa insulin, mai hawan jini da ya yi mako uku ba ƙwaya har ɓarin jikinsa ya shanye, mai farfaɗiya da maganinsa ya yanke, duk bala'i ne ya kashe su, ko da ba a sa sunansu a lissafin gwamnati ba.

Mu dawo gida. Zariya garin soja ne tun fil azal. Depo, inda ake horar da kuratan sojan Nijeriya, tun 1924 yake nan. Ga makarantar yara ta soja, ga barikin Basawa, ga Jaji a kan hanyar Kaduna. Da yawa idan sun ajiye kaki a nan suke zama, a Sabon Gari da Basawa da unguwannin da ke kewaye da bariki. Waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 yanzu sun tsufa tukuf, 'yan Laberiya da Saliyo irin su Baba sun shiga shekarun suga da hawan jini, ga kuma matasan da suka dawo daga Arewa maso Gabas da rauni a jiki da a zuciya.

Bala'o'inmu kuwa ba sai an lissafa miki ba. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a ƙasar nan ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. Ta 2022 ta kashe fiye da 600. A Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, har asibitoci ruwa ya shiga. Amma ni a ganina, ga mai bincike a Zariya, abubuwan da ba mu saba kira bala'i ba sun fi amfani. Kullen korona na 2020, da aka daɗe ba shiga ba fita a Jihar Kaduna. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na kemis. Ɗaukewar wuta ta Oktoba 2024 da ta jefa akasarin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Me ya faru da insulin ɗin da ke cikin firij a kwanakin nan? Wa ya fasa zuwa asibitin koyarwa na Shika ranar ganin likitansa? Na duba majinyata a duk lokutan ukun, kuma na ga waɗanda suka dawo bayan wata biyu ƙafa ta riga ta ruɓe. Har yau abin yana ci mini rai, domin ba wanda ya ƙidaya su.

Shawarata ita ce kada ki yi irin binciken da ya cika ɗakunan karatunmu, wato a raba wa ma'aikatan asibiti takardar tambayoyi a ce "ka san shirin tunkarar bala'i?", a fito da kaso, a ɗaure, a ajiye. Ki ɗauki lokaci guda da kowa ke tunawa, misali duhun Oktoba 2024, ki nemi tsoffin sojoji masu ciwon da ke buƙatar magani kullum, ki tambaye su dalla-dalla: kwana nawa ka yi ba magani, me ya hana, wa ya taimaka, me ya biyo baya. Mutum yana mantuwa, don haka ki haɗa da rajistar asibiti in kin samu izini, ki ga yawan masu zuwa kafin lokacin da bayansa. Ki tambayi ko suna amfana da inshorar lafiyar soja ta DHML, kuma in suna amfana, a wane asibiti, don tazarar gida da asibitin ita ce ke zama matsala ranar da hanya ta rufe.

Inda za ki samo su, ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Lijiyon ce ƙofar farko. Sai dai ki sani wanda ya fi galabaita ba ya zuwa taro, yana kwance a ɗaki, sai kin bi ta hannun abokansa da masu unguwa. Kada ki bar matansu a baya, su ke riƙe da ledar magani, su suka san ranar da ya ƙare. Ki leƙa Cibiyar Nazarin Bala'i ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa da tallafin hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, za su taimaka miki da taswirar inda ruwa ke ci a gefen Kubanni da Galma. Izinin kwamitin ɗa'ar bincike wajibi ne, haka izinin hukumar soja in za ki shiga bariki.

Abu guda da nake roƙonki a kai. In za ki tambayi tsohon soja game da firgici, da mugun mafarki, da rashin barci, ki tanadi inda za ki tura shi tun kafin ki buɗe bakinki, ko sashen masu tabin hankali a Shika ko asibitin Barnawa a Kaduna. Waɗannan mutane ne da aka horar da su kan haɗiye ciwo. Idan ya yarda ya faɗa miki, ba daidai ba ne ki rufe littafinki ki yi masa sallama.

Shi kuwa Baba, ba sai kin jira digiri ba. Ki rubuta sunayen magungunansa da adadin da yake sha a kati, ɗaya a aljihunsa cikin leda, hoton katin kuma a wayarki da ta wani ɗan'uwa. Ku yi ƙoƙari kullum a samu na mako biyu a ajiye, ana sayen sabo ana shan tsohon. In yana allurar insulin, kwalbar da aka buɗe tana kai kimanin mako huɗu matuƙar zafi bai wuce digiri 30 ba, wanda a bazarar Zariya yana wucewa. Ranar da ba wuta, ki ɗaure ta tam a leda ki sa a cikin tukunyar ƙasa mai sanyi a inuwa, kada ta taɓa ƙanƙara. Ki tambayi likitansa a zuwa na gaba me zai yi da maganin suga ranar da bai samu cin abinci ba, ki rubuta amsar a bayan katin.