Tambayoyi da Amsoshi: Fitar da Tsayin Ƙasa daga Civil 3D Zuwa Wurin Haƙa da Ciko

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama zanen wani fili a Civil 3D, manhajar zanen injiniyoyi, sai ɗan kwangilar da zai yi haƙa da ciko ya nemi bayanan tsayin ƙasa don ya ɗora wa giredarsa, wato motar daidaita ƙasa, mai aiki da GPS. Na tura masa ɗigogi a fayil ɗin CSV, wato jerin lambobi zalla. Ya ce da ya haɗa su magudanar ruwa ta shafe, lissafin cikonsa kuma bai zo ɗaya da nawa ba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam Injiniya. Matsalar tana cikin abin da CSV ba ya iya ɗauka. Shimfiɗar ƙasa a Civil 3D, wadda ake kira TIN, abu biyu ce: ɗigogi masu tsayi, da alwatikan da suka haɗa su uku-uku. Kai ɗigogin kawai ka tura. Manhajarsa ta sake saƙa alwatikan yadda ta ga dama, don ba ta san inda ka sa layin karyewa, wato layin da alwatikai ba sa tsallakawa, a ƙasan magudana ko a bakin hanya ba.

Ɗauki kusurwa huɗu na murabba'i, biyu masu fuskantar juna a kan mita 100.00, sauran biyun a kan 101.00. In aka ja layin tsakiya tsakanin na farko, tsakiyar wurin ta zama kwari mai tsayin 100.00. In aka ja shi tsakanin na biyu, ta zama tudu mai 101.00. Ɗigogi ɗaya, bambancin mita guda. Haka magudanarka ta tafi.

Fayil ɗin LandXML za ka ba shi, shi ne yake tafiya da ɗigogi da alwatikai tare. A Toolspace, akwatin kayan aikin Civil 3D, shiga shafin Settings, danna dama a kan sunan zanen, ka zaɓi "Edit LandXML Settings". A ɓangaren fitarwa ka tabbata bayanan shimfiɗa suna kan "Points and Faces". Sannan ka koma shafin Prospector, danna dama a kan shimfiɗar, ka zaɓi "Export LandXML". Akwatin da zai buɗe yana kawo jerin abubuwan da ke cikin zanen, ka cire alama daga duk abin da ba a nema ba, in ba haka ba sai direban gireda ya tarar da shimfiɗa biyar masu suna kusan iri ɗaya, ya ɗauki wadda ta fi kusa da yatsansa. Ka tambayi ɗan kwangilar sigar da manhajarsa take karanta, 1.2 ko 1.1. Shi zai mayar da fayil ɗin zuwa tsarin na'urarsa, kamar TTM a kayan Trimble ko TN3 a na Topcon.

Kafin ka danna fitarwa akwai abu uku. In ka ga alamar motsin rai a ruwan ɗorawa kusa da sunan shimfiɗar, ba ta ɗauki gyaranka na ƙarshe ba, sai ka yi mata "Rebuild". Na biyu iyaka: shimfiɗar da ba a yi wa iyakar waje ba takan miƙa dogayen alwatikai sirara a gefe, su tsallaka inda babu zane sam, kuma na'ura za ta bi su kamar gaskiya ne. Sauya salon nunawa zuwa alwatikai ka duba gefuna da idonka. Shimfiɗar hanya da aka ciro daga kwarido, wato samfurin hanya a Civil 3D, ita ta fi yawan wannan.

Na uku ya fi su tsada. Wace shimfiɗa yake so, ta saman kwalta ko ta ƙasan da za a daddale kafin a fara zuba kayan hanya? Mai haƙa da ciko ta biyun yake aiki da ita. A ce kwalta milimita 50 ce, dutsen ƙarƙashinta 150, na ƙasa da shi 200, jimla mita 0.40 ke nan. Ƙirƙiri sabuwar shimfiɗa, ka manna ta saman a ciki da "Paste Surface", ka sauke ta da "Raise/Lower Surface" a kan -0.40. Mantuwa da wannan a hekta ɗaya kawai kubik mita 4,000 ce. Sai dai kaurin hanya daban, na inda za a shuka ciyawa daban, don haka kowane yanki da nasa saukewar, kada ka sauke filin gaba ɗaya da lamba ɗaya.

In fayil ya fita, buɗe shi da Notepad. Nemi kalmar Units ka ga mita ce ko ƙafa, nemi Faces ka ga akwai layuka a ƙarƙashinta. Daga nan ka shigo da shi cikin sabon zane, ka gwada tsayi a wuri biyar ko shida da ka sani.

Tambaya: Malam, ni mai awon ƙasa ce. An ba ni ɗigogin kafa turaku, da na ɗora a na'ura sai filin ya koma wata duniya, kuma a juye kamar a madubi.

Amsa: Malama, an musanya miki lambar arewa da ta gabas. Civil 3D yana fitar da ɗigogi ta "Export Points" a tsari iri-iri, biyu daga ciki sun yi kama ƙwarai: PNEZD yana sa lambar ɗigo, arewa, gabas, tsayi, bayani, shi kuwa PENZD gabas yake gabatarwa. An fitar da ɗaya, na'urarki ta karanta da ɗayan. Gyara tsarin shigarwa a na'urar, ba sai an sake turo komai ba.

In kin gyara wannan amma har yanzu akwai ɗan gocewa, girman gocewar zai nuna miki tushenta. Tsayi ya kauce da mita masu yawa, kuma daidai wa daida a ko'ina: GPS yana ba ki tsayi daga ƙwallon lissafi na duniya, zanen kuma daga matakin teku yake, sai a sa fayil ɗin jiyoyid, mai mayar da tsayin GPS zuwa na matakin teku, ko a daidaita na'ura da turakun awo na wurin. Nisa yana raguwa ko ƙaruwa gwargwadon yadda kika yi nesa: ma'aunin taswira ne, a tsarin taswira na UTM, mai raba duniya shiyya-shiyya, yana 0.9996 a tsakiyar shiyya, wato santimita 40 a kowace kilomita. Masu aiki da ƙafa kuma suna da nasu tarko. Ƙafar duniya mita 0.3048 ce, ƙafar safiyo ta Amurka mita 1200/3937, bambancin kashi 2 cikin miliyan. A tsayi ba a ganinsa, amma a lambar gabas mai ƙafa 2,000,000 ya kai ƙafa 4.

Kuma ki yi hattara da Excel. Abin da yake nunawa a fuska shi yake ajiyewa a CSV, ya datse lambobin bayan aya, ya mayar da ɗigo 007 ya koma 7. In dubawa kawai za ki yi, ki rufe ba tare da ajiyewa ba.

Tambaya: Zan iya ganin tsayin filin a manhajar taswira ta QGIS ko a wayata?

Amsa: Ƙwarai. Danna dama a kan shimfiɗar, zaɓi "Export to DEM", ka ɗauki GeoTIFF. Ka fara sa wa zanen tsarin taswirarsa a "Units and Zone", don fayil ɗin ya sauka inda ya dace a taswira. Wannan fayil gidajen dara ne, kowane gida da tsayi ɗaya, saboda haka tazarar da ka zaɓa ita ce komai: mita 5 za ta haɗiye magudana mai faɗin mita 1. Tazarar mita 0.5 a hekta 10 gida 400,000 ne, ba wani nauyi. QField, manhajar waya mai aiki da QGIS, zai buɗe maka aikin a waya. Don kallo da nazarin inda ruwa zai bi ya wadatar, amma ban yarda a yanka ƙasa da shi ba, kuma GPS na waya kansa yana kaucewa da mitoci.

Tambaya: Na fitar da shimfiɗa, sai tsayin ya fito -1.20, 0.85 da makamantansu maimakon ɗari da wani abu.

Amsa: Shimfiɗar lissafin yawan ƙasa ka fitar. Lambobinta tazara ce tsakanin ƙasar asali da ta zane: mai alamar ragi haƙa, maras ita ciko. Tana da amfani in za ka rubuta zurfi a jikin turaku. Na'ura kuwa shimfiɗar zane take so. In an juya muku haƙa ya zama ciko, duba wadda ka sa a "Base" da wadda ka sa a "Comparison": ƙasar asali ce take zama ta farko.