Likita Ya Amsa: Mai Shan Imatinib, Me Zai Kiyaye?

Tambaya daga wani magidanci a unguwar Birni ta Damagaram: Likita, mahaifina yana shan imatinib saboda sankarar jini, yanzu kuma an same shi da tarin fuka. Zai iya haɗa magungunan?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Malam, wannan haɗin shi ya fi tayar mini da hankali. A cikin magungunan tarin fuka akwai rifampicine, mai sa hanta ta riƙa narkar da imatinib da gaggawa, har kusan kashi 3 cikin 4 nasa ya ɓace daga jini. Baba zai yi ta haɗiyar ƙwaya kullum, ku kuna ganin ana magani, cuta kuwa ta samu sarari. Kada ku tsayar da ko ɗaya da kanku, domin tarin fuka ba ya jira. Ku kai takardun magungunan duka wurin likitan da ya rubuta imatinib, shi zai ƙara adadi ko ya sake tsari. Magungunan farfaɗiya irin su carbamazépine da phénobarbital ma haka suke yi.

Tambaya daga wata Hajiya a Mirriah: Ƙwayar imatinib tana tayar mini da zuciya. Yaya zan yi da azumi?

Amsa: Hajiya, ba a shan ta da cikin wofi. Galibi miligiram 400 ne sau ɗaya a rana, tare da abinci da babban kofin ruwa, don haka bayan buɗa-baki ya dace idan likitanki ya amince ki yi azumin. Ki guji pamplemousse (wani babban lemo mai ɗan ɗaci) da ruwansa, yana ƙara yawan maganin a jini. Lemon zaƙi ba laifi.

Tambaya daga wani matashi a Zengou: Ina da ciwon hanta nau'in B, kuma nakan sayi paracétamol wurin masu talla idan kaina ya yi ciwo.

Amsa: Ɗana, imatinib yana iya farfaɗo da ƙwayar ciwon hanta B da ta kwanta, shi ya sa ake gwajin jini kafin farawa, a ci gaba da bibiya. Paracétamol ma hanta ce ke ɗaukar nauyinsa, kada ka yawaita shi. Maganin tire da jiƙon gargajiya kuwa, ban yarda da su ba a nan. Kumburi kaɗan a gefen ido da safe sananne ne. Amma idan ido ya yi rawaya, ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi nauyi, ka nufi babban asibitin Damagaram ran nan.