Amsoshin tambayoyinku: akwatin kifin teku ga mai yawan sauya gida

Tambayoyin wannan makon sun taru a kan kiwon kifin ruwan gishiri a cikin ɗaki, don haka na haɗa su wuri guda. Ta farko ce ta fi ɗaukar lokaci.

Tambaya: Malam, ni ma'aikacin banki ne a Legas, kuma ba na yin shekara uku a gari ba a ɗaga ni ba. Yanzu ma ana raɗe-raɗin za a mayar da ni Abuja. Ina sha'awar ajiye akwatin kifin teku a falo, da murjani mai rai (halittar teku da ke manne a jikin dutse) da 'yan kifaye masu launi. Mai shago ya ce in sayi na roba mai kama da gilashi, wai ya fi sauƙin ɗauka ranar tashi, amma ya fi na gilashi tsada. In saya?

Amsa: Ranka ya daɗe, mai shagon bai yi maka ƙarya ba. Robar nan da ake kira akirilik nauyinta wajen rabin na gilashi ne idan girmansu ɗaya. Sai dai mu yi lissafi tukuna. Ɗauki akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30. Yana cin lita 54. Idan na gilashi ne mai kaurin milimita 5 ko 6, nauyinsa babu komai a ciki wajen kilo 10 ne, na akirilik kuma wajen kilo 5 zuwa 6. Ruwan teku ya ɗan fi ruwan sha nauyi, kowace lita kilo 1.025 ce, ga duwatsu, ga yashi. Idan ka cika shi za ka doshi kilo 70, ya fi buhun siminti ke nan. To a cikin kilo 70 ɗin nan, kilo biyar kacal ƙarin kuɗinka zai rage maka, kuma ko wane iri ka saya ba a ɗaga shi da ruwa a ciki. Ko ruwan ya rage ɗan kaɗan a ƙasa, idan mutum biyu suka kinkime shi yana tangal-tangal, gam ɗin da ya riƙe gilasan zai iya sakin jiki, sai bayan kwana biyu ka wayi gari ka tarar da kafet ya jiƙe.

Akirilik yana da nasa alherin. Ba ya tarwatsewa idan ya bugu da ƙofa, kuma idan akwati ya haura lita 200 bambancin nauyin ya zama abin dubawa. Aibinsa shi ne karcewa. Ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a abin goge bango ta isa ta ja masa layi daga sama har ƙasa. Akwatin ruwan gishiri kuma yana yin wata gansakuka mai tauri, ruwan hoda, wadda a jikin gilashi reza ake sa wa a kankare, a jikin roba kuwa ba ka isa ka kai reza ba. A girman da ya dace da kai, ni dai gilashi zan saya, in tara sauran kuɗin don batir.

Girman da nake ba mai yawo irinka shawara shi ne tsakanin lita 40 zuwa 75. Kada sha'awar sauƙin ɗauka ta kai ka ga 'yan mitsi-mitsin nan na lita 15 ko 20. Ruwa yana ƙafewa ya bi iska, gishiri kuwa yana nan inda yake. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita. Idan lita ɗaya ta ƙafe a akwatin lita 20, gishirin ya tashi zuwa kusan 37. A akwatin lita 60 kuwa bai kai 36 ba. Haka zafi, haka dattin kifi, duk sun fi saurin jirkita ƙaramin ruwa. Da hunturu a Abuja, iskar nan busasshiya za ta riƙa shan ruwan fiye da yadda ka saba gani a Legas.

Ka nemi irin wanda matatar ruwansa da injinsa suke cikin wani ɗan lungu a bayan akwatin. Manyan akwatuna suna da tanki na biyu a ƙarƙashin teburi, da bututu suna hawa da sauka, kuma ranar tashi sai an kira mai gyaran famfo. Wannan kuwa filogi biyu ko uku za ka zare. Daga cikin sanannu akwai Fluval Evo mai lita 52, da Max Nano na kamfanin Red Sea mai lita 75, da jerin Nuvo na Innovative Marine. Ba zan faɗi farashi ba, dala ce ke yanke shi. Kafin ka biya, ka tambayi mai shagon ko ana samun injin sauyi idan na ciki ya mutu, ka kuma duba ko wutar da kayan ke sha ta dace da tamu, domin wanda aka yi don kasuwar Amurka na volt 110 ne, mu kuwa 220 zuwa 240 muke.

Abin da ya kamata ka fi damuwa da shi ranar ƙaura shi ne duwatsun. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuwa guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin ramukan duwatsun da soson matata su ne ke mayar da ita abin da kifi zai iya jurewa. Sabon akwati yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin waɗannan ƙwayoyin su kafu, shi ya sa ba a zuba kifi ranar da aka saye shi. Idan duwatsun suka bushe a bayan mota a hanya, ka koma ranar farko, ga kuma kifi a hannu ba inda za ka sa su. Saboda haka tun wajen shirya akwatin ka yi shi da tunanin ranar kwashewa. Duwatsu uku ko huɗu, kowanne ya shiga bokitin fenti mai murfi ba tare da an fasa shi ba, kuma kada ka manne su su zama tsauni guda komai kyansa. Yashi ya zama shafe-shafe, santimita ɗaya ko biyu, wasu ma ba sa sawa sam. Yashi mai zurfi idan ya daɗe aka tona shi, wari yake tasowa irin na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma iskar da ke wannan warin tana kashe kifi.

Kifin ma ka taƙaita. Biyu daga cikin 'yan kifaye masu launin ruwan lemu da farin ratsi uku ɗin nan, waɗanda aka ƙyanƙyashe a gonar kifi ba a teku aka kamo ba, sun ishi lita 50 zuwa 75. Suna da juriya, suna cin abincin gwangwani, suna kuma iya haura shekara goma, wato za su bi ka gari uku ko huɗu. Ka ƙara musu 'yan katantanwa masu cin gansakuka. Murjani kuma ka fara da masu laushi. Wani gargaɗi a nan: wasu daga cikin masu kama da ƙananan furanni a jikin dutse suna da dafi mai ƙarfi. A sa safar hannu, kada a taɓa ido, kuma kada a kuskura a dafa dutsen da sunan tsaftace shi, tururin yana kwantar da mutanen gida.

Legas zuwa Abuja ta haura kilomita 700, yini guda ne a mota, ban da shingayen bincike da cunkoson Lokoja. Ka daina ba kifin abinci kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya don kada su ɓata ruwan bokitin. Ka fara zuƙe ruwan sama mai tsabta tun kafin ka taɓa dutse ko yashi, ka cika jarka ɗaya ko biyu masu lita 25, sababbi, waɗanda ba su taɓa ganin fetur ko manja ko omo ba. Duwatsu da soson matata su shiga bokiti ruwa ya rufe su. Kifi a wani bokitin daban, babu dutse a ciki don kada ya mirgino ya danne su, ruwa rabi, a huda murfin a zura tiyon injin hura iska mai batir. Wannan bokitin a cikin mota zai zauna tare da kai inda esi ke kaiwa, ba a but ba, ba kuma a motar kaya ba. Akwatin kansa a naɗe shi da bargo a ɗora a shimfiɗaɗɗen wuri, a tallafo shi ta ƙasa.

Idan da wanda zai haɗa maka sabon ruwan gishiri a can tun ana gobe za ka iso, ka huta. In ka isa, akwatin ne aikin farko, kafin gado, kafin labule. Teburin ya daidaita, kada ya karkata ko kaɗan. A bar fitila a kashe ranar, abinci sai washegari kuma ɗan kaɗan, sannan ka riƙa gwada amoniya kullum har mako ya zagayo.

Tambaya: Malam, ni uwa ce a Kano, za mu koma sabon gidan haya bayan Sallah. Ɗana ya nace sai an saya masa shuɗin kifin nan mai rawayar jela da yake gani a katun. Akwai ƙaramin akwatin da zan iya ɗauka da kaina?

Amsa: Hajiya, a ba yaron haƙuri. Kifin nan ana sayar da shi yana ɗan ƙarami, amma yana girma ya kusa santimita 30, kuma mai son ninƙaya ne, masu kiwonsa suna ba shi akwatin da ya doshi mita biyu. Babu akwatin da mace ɗaya ko namiji ɗaya zai ɗauka da zai ishe shi.

Ko da wani kifin tekun kika zaɓa, kafin maganar akwati sai an yi maganar wuta. Waɗannan halittu suna son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 26, yana kuma motsi dare da rana. A watan Afrilu zafin Kano yana haura 40. Ruwa idan ya yi ɗumi iskar da kifi ke shaƙa tana raguwa a cikinsa, in kuma aka ɗauke wuta injin ya tsaya, cikin 'yan sa'o'i za ki ga kifi sun taso sama suna haki. Murjani kuwa da ruwa ya daɗe a wajen 30 sai ya fara yin fari. Injin juya ruwan ba ya cin wuta sosai, ƙaramin inbata ko sola zai riƙe shi. Sanyaya ruwan ne aiki: ko ɗaki mai esi da ba ya mutuwa, ko na'urar sanyaya ruwa mai tsada da cin wuta. Fanka a saman ruwan tana rage digiri ɗaya ko biyu, tana kuma ƙara ƙafewa. Da sanyin Disamba da Janairu kuma sai an sa hita.

Idan sabon gidan ba shi da tsayayyar sola, ki saya masa akwatin ruwan daɗi, ki kuma bari sai kun tare. Akwai kifin da ake kira beta, ana samun shuɗi shar mai baza jela, yana iya haɗiyar iska daga saman ruwa, don haka ɗauke wuta ba ya kayar da shi da wuri. Lita 20 ta ishe shi. Namiji ɗaya tak ake sawa, biyu faɗa za su yi ta yi.

Tambaya: Ina aiki a Jidda, kwangilata ta ƙare zan dawo gida. Ina da akwati mai lita 75 da murjanin da na yi shekaru ina reno. Zan iya tahowa da su a jirgi?

Amsa: Alhaji, na san da ciwo, amma ka sayar ko ka bar wa abokin kiwo a can. Duk murjani mai tauri yana cikin jerin halittun da yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin dabbobin daji da tsirrai tsakaninsu, ta sa wa ido, kuma Najeriya da Saudiyya duk suna ciki. Ketare iyaka da shi sai da takardar izini, ko da a ɗakinka ya girma. Ga dokar ruwa a jakar hannu, ga sanyin ɗakin kaya, ga jiran kwastan. Abin da ya cancanci kilo ɗinka shi ne fitilar, da injinan, da na'urar auna gishiri, da kayan gwajin ruwa, su ne masu tsada da wahalar samu a gida. Gilashin kuwa akwai masu yanka shi su haɗa maka.

Tambaya: Gishirin kifin teku ya yi tsada. Ba zan iya sa gishirin miya a ruwan burtsatse ba?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Ruwan teku ba gishirin miya kaɗai ke cikinsa ba, akwai kalsiyam da magnesiyam da sauran sinadaran da murjani da katantanwa ke gina jikinsu da su, kuma suna hana ruwan yin tsami. Sai dai ka sayi haɗaɗɗen gishiri irin su Instant Ocean ko Tropic Marin. Ruwan burtsatse da na famfo suna iya ɗauke da abin da ke haifar da gansakuka, na famfo ga kulorin, in kuma akwai jan ƙarfe a ciki ya kashe katantanwa da jatan lande. Ruwan leda ma ba tabbas. A nemi wanda aka tace da na'urar RO, wato matatar da ke cire sinadaran da suka narke a ruwa. Kana sauya kashi ɗaya cikin goma na ruwan duk mako, wato a akwatin lita 50 gishirin da za ka ci bai kai giram 200 ba, buhun kilo huɗu zai kai ka wata biyar. Wanda ya ƙafe kuma da ruwa zalla ake cike gurbinsa, ba a ƙara masa gishiri.